Dadarki, Kafin Jirgin Alhamis

Ruwais, Jidda
Ranar Litinin

Safiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko da yake na san lafiyarki ƙalau, tun da bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, kuma tun safe nake jin kina jan akwati kina 'yar waƙa. Allah Ya tsare ki a tafiyar da ke gabanki, Ya kiyaye ki a ruwa da tudu, Ya kai ki Alƙahira lafiya, Ya ba ki abin da za ki je nema.

Za ki ce me ya kai uwa rubuta wa 'yarta wasiƙa alhali suna gida ɗaya. In na buɗe baki yanzu zan faɗi abin da ba ya komawa ciki. Sannan na san halinki: kafin in kai rabin magana za ki ce "halas ya Ummi", wato ya isa haka Mama, ki sumbaci goshina ki fice. Takarda ba a ce mata halas. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san za ki sha wuya, kina bin haruffa da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Ki sha. Wadda za ta yi shekara shida tana karatun likita da Turanci ba za ta mutu don 'yan shafuka na harshen kakarta ba.

Jiya da la'asar uwar Nawal ta zo gidan nan, ƙawarki Nawal ɗin da za ku hau jirgin ruwa tare, ku zauna ɗaki ɗaya a can. Ke kina wajen tela. Dada, kakarki, ta tafi kasuwar Balad sayo miki citta da kanumfari, wannan kuwa rahamar Allah ce. Na kawo shayi. Matar ta yaba labulena, ta yaba sakamakonki, ta yaba har iskar da ke shigowa ta taga, na gane da magana a bakinta. Can ta ajiye finjali.

"Ya Ustaza Hauwa, wata 'yar alfarma nake nema, kada ki ji nauyina. Tun da Safiyya za ta tafi, dadar nan taku ba ta da sauran aiki, ko? Surukata ta haihu, suna can gidanmu na Abhur, muna neman tsohuwa mai amana. Ba irin waɗannan na yanzu ba."

Na ce, "Wace dada?"

"Tsohuwar nan mai tsaga a kumatu, wadda ta kai wa Safiyya abinci makaranta ranar jarrabawar ƙarshe. Nawal ta ce tun tana jaririya take rainonta. Wallahi kun yi dace, irinsu sun ƙare. Maganar iƙama, takardar zaman ƙasa, kada ta dame ki, maigidana zai zama kafilinta, ya tsaya mata. Ɗaki ma akwai, nan kusa da kicin, ba za ta sha hawan bene ba."

Na tambaye ta ko in ƙara mata sukari. Na ce zan yi tunani. Na raka ta har bakin mota.

Bari in yi miki darasin da ba ki buƙata, tun da koyarwa ce sana'ata. A gidanmu Dada uwa ce. Kakata Bafulatana ce, haka 'ya'yanta suka kira ta, haka na tashi ina kiran tawa uwar, ke ma kika ɗauka daga bakina. A Larabcin Jidda kuwa dada ita ce baƙar matar da ake ajiyewa a gida ta wanke kashin yara. Kin san na farko, kin san na biyu. Ke ce kike zuwa ta ɗaya a Larabci tun kina aji uku. Da kika dafa kafaɗar uwata a ƙofar makaranta kika ce wa ƙawayenki "hadi dadati", kin san abin da kunnenta zai ji, kin san abin da nasu kunnen zai ji, kika tsaya a tsakiya kina murmushi. Dabara ce mai kyau. Har na so in yaba miki.

Na tuna ranar. Ta dawo tana haki, ƙwaryar abinci a hannu, bakinta har kunne.

"Hauwa, yau ƙawata ta fid da ni kunya! 'Yan mata farare tas kamar shinkafa suka kewaye mu, ta dafa ni ta ce musu ga dadata. Ni ko sai ahalan, ahalan nake ta rabawa. Har ɗaya ta ba ni jakarta in riƙe mata."

Na ce, "Jakarta ta ba ki?"

"To, ba kowa ake ba ajiya ba."

A lokacin dariya na yi. Jiya na gane abin da na yi wa dariya. Ko Dada ta gane, ban sani ba. Shekararta goma sha takwas a garin nan, kuma ba kurma ba ce. In ba ta gane ba, kin yaudari tsohuwa. In ta gane ta dawo tana wannan murna don ta rufa miki asiri a wurina, to wannan ki zauna ki auna shi da kanki, ni hannuna ba zai iya rubuta shi ba.

Babanki ya ce in bar maganar, ƙuruciya ce, kada in ɓata miki tafiya. Na ce masa ƙuruciya takan yi wauta, ba ta ƙware haka. Wannan gado ne, kuma na san inda kika gaje shi. Shi ya sa zan ba ki labarin da na yi shekaru ina ɓoye miki shi da sunan ba shi da amfani.

Ba ki taɓa ganin Tungar Gwani ba. Ƙauye ne a bakin kogin Bahar Azraƙ, a Sudan. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su hajji, suka tsaya a nan su noma damina ɗaya su sami guzuri, daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Kowane gida gona biyu gare shi. Ta tudu, dawa da riɗi. Sai fadama a bakin kogi, wadda ruwa yake rufewa da damina, in ya janye ya bar baƙar laka, a shuka albasa da kuɓewa da wake da kabewa. Tudu shi ne tuwo, fadama ita ce miya. Babana, kakanki da ba ki sani ba, shi ne sarkin noman ƙauyen. In za a yi gayya shi yake tsai da rana, in ya sa garma a ƙasa kowa ya sa.

Aikina korar tsuntsu. Da dawa ta fara ƙosawa sai a ɗora ni kan wata rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, da majajjawa a hannu da igiyar gwangwanaye a ƙafa, in yi ta ihu tun fitowar rana har muryata ta dushe. Ina da shekara bakwai. Kada ki zata zan ce miki da daɗi. Masu yi wa ƙauye waƙa ba su taɓa kwana da ƙaiƙayin dawa a wuyansu ba. Na tsani gonar nan, na tsani tsuntsayen, na tsani kunun da nake ɗauka a ka yana zubo mini a goshi.

Wata ungozomar gwamnati ce ta zo ƙauyen ta gan ni ina haɗa baƙaƙen da ke jikin akwatin maganinta, da ɗan abin da na koya a allo. Ta gaya wa Dada akwai makarantar kwana ta 'yan mata a birni. Ina bayan rumbu ina jin su da Baba.

Ya ce, "Wa zai kori tsuntsu?"

Ta ce, "Ni."

"Wa zai kai kunu, wa zai ɗebo ruwa?"

"Ni."

"Da goyon?"

"Da goyon."

Ya ce, "In ta dawo ba ta san mu ba fa?"

Ta ce, "Ai mu mun san ta."

Ta kuwa hau. Matar sarkin noma, uwar 'ya'ya huɗu, da jariri a baya, tana kan rumfar yara tana kaɗa gwangwani. Matan ƙauye suka sa mata suna Autar Gona. In ta wuce bakin rijiya su tambaye ta ko an yaye ta. Shekara biyar tana hawa, har ƙanena ya isa ya karɓe ta. Digirin da ke rataye a falonmu, wanda kike nuna wa ƙawayenki ki ce uwarki tana cikin matan farko da suka shiga jami'a a Hartum, a kan rumfar nan aka fara rubuta shi. Wannan ita ce matar da ta riƙe wa ƙawarki jaka.

Ranar da zan tafi ta raka ni tashar mota, ta sa mini wani ƙulli a cikin kaya: ƙuli-ƙuli, yaji, da daddawa mai yawa, don an gaya mata miyar makaranta ruwa ce. Na isa ɗakin kwana na buɗe akwati, 'yan mata suka toshe hanci. Wata doguwa ta ce, "Warin Fallata!" Sunan da suke kiran duk wanda kakansa ya fito daga yamma ke nan, kuma ba da yabo suke faɗa ba. Suka tambaye ni na wane ne. Na ce, "Wata mata ce ta ba ni a tashar mota." Ki duba da kyau, babu harafi ɗaya na ƙarya a ciki. Mace ce, a tasha ne, ba ni ta yi. Na fita na wurga ƙullin bayan katanga, na dawo muka yi dariyar matar tare.

Ga abin da na koya, a makare. Ƙaryar da aka gina da gaskiya ta fi kowace wuyar tuba, don kullum kina da hujja. Mai ƙarya ta gaske takan ji kunya ta gyara. Ke kuwa sai ki ce wa zuciyarki, ni me na ce? Haka na yi shekara takwas a makarantar nan ina gadin harshena, ina tsoron in yi tuntuɓe, don mai tuntuɓe da harshen uwarsa yake cewa wayyo. A Alƙahira za su tambaye ki daga ina kike. Za ki ce Jidda. Za su dubi fatarki su ce, to asali fa? Ki ba su amsar gaba ɗayanta a makon farko: Bahaushiya, jikar manoma, uwata daga Sudan, an haife ni a Ruwais. Wasu za su yi dariya. Dariya kwana biyu ce. Ɓoyo kuwa aiki ne mara hutu, kuma za ki je karatu ne, ba ki da lokacin aiki biyu.

Laifina na biyu ya fi girma, ban taɓa gaya wa ko babanki ba.

Ina da shekara goma sha biyar na zo hutu. Wani attajiri daga birni yana so ya kafa injin ban-ruwa a bakin kogi ya shuka auduga, sai an haɗa masa fadamun ƙauye wuri ɗaya. Ya zo da wani jami'in gona, suka zauna a kujera a gindin tsamiya, manoma a ƙasa. Mutanenmu suna jin Larabcin kasuwa, amma na takarda sai da tafinta, kuma akwai wani dattijo da ya saba yi. Ranar Baba ya ce a'a. Ya ce, "Ina da 'yar makaranta." A gaban maza ya kira ni, abin da ba a taɓa yi ba. Na fito da farin mayafina na makaranta, na tsaya tsakaninsu, ina jin kaina kamar hasumiya.

Jami'in ya yi bayani mai tsawo, na juya. Baba ya saurara kansa a ƙasa, yana zane da tsinke. Da aka gama ya ce, "To. Na ji."

Ke ma, da guntuwar Hausarki, kin san abin da wannan yake nufi. In dattijo ya ce na ji, cewa yake maganarka ta shiga kunnena, zan kwana da ita, zan ga 'yan'uwana, kuma mai yiwuwa ba za ka sake jin ta daga gare ni ba. Hanyar ƙin abu ce ba tare da an kunyata baƙo ba. Na san haka kamar yadda na san sunana. Jami'in ya dube ni ya ce, "Me ya ce? Ya yarda?" Ya duba agogonsa. Na ji kunyar in tsaya ina yi masa bayanin yadda ƙauyawa suke kewaye-kewaye. Sannan a littafinmu na makaranta akwai hoton injin ban-ruwa, a ƙarƙashinsa an rubuta ci gaba. Na ga ni na fi Baba sanin abin da zai amfane shi. Na ce, "Aiwa, ya yarda."

Aka miƙo takarda da tawada. Baba ya ɗauka ta shaidar waɗanda suka halarta ce, yadda aka saba. Ya dube ni. Na ga abin da aka rubuta a samanta, na kau da kai. Ya dangwala. Da sarkin noma ya dangwala, kowa ya dangwala.

Kafin hutu na gaba an kewaye fadamar da waya. Ba ƙwace aka yi ba, komai bisa doka, da yatsan kowa. Aka ba su aikin tsinkar auduga a ƙasar da kakanninsu suka share. Matan ƙauye suka koma sayen albasa a kasuwa. Mutane suka daina zuwa tambayar Baba ranar gayya, suka ce ya sayar da su, shi kuwa bai taɓa buɗe baki ya ce 'yarsa ce ba. Bai dake ni ba, bai hana ni komawa ba. Sau ɗaya kawai, muna sussukar dawa, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Hauwa, ashe a makarantarku ji da yarda abu ɗaya ne."

Kin san abin da na yi? Na yi masa bayanin amfanin auduga ga ƙasa. Da Larabci mai kyau na fara, sannan na tuna na juya. Ya ce, "Madalla." Na ce a raina wata rana in na gama karatu, na sami aiki, zan zauna da shi in nemi gafara yadda ya kamata, da tsaraba a hannu. Ina shekara ta biyu a jami'a aka aiko ya rasu. Na iske an yi kwana uku da binne shi. Tsarabar tana nan, ban san wa zan ba ba.

Saboda haka ki ji. Karatu zai sa ki tsakanin mutanenki da masu takarda, ko kin so ko kin ƙi, kuma duk wanda ya tsaya a nan yana iya cin amanar ɓangare ɗaya ba wanda ya gani. Ɓangaren da ake ci kuwa kullum shi ne wanda yake zaune a ƙasa. Za ki zama likita in Allah Ya so. Wata rana wata baƙauya za ta zauna a gabanki, ki yi mata bayanin aikin da za a yi mata, ta gyaɗa kai ta ce to. Babban likita yana tsaye yana duba agogo. Kada ki ce masa ta yarda. Ki bar shi ya jira, ki sake tambayarta, ki tambaye ta abin da take tsoro. In ya yi fushi ya yi. Kuma in kin yi wa wani laifi, kada ki jira sai kin zama wani abu kafin ki ba shi haƙuri. Tsofaffi ba sa jiran a gama karatu. Dada ta haura saba'in, hawan matakala uku sai ta huta. Ki lissafa shekara shida a kan wannan.

Na ukun ba sai na ba ki labarinsa ba, a cikinsa kika girma. Na zo Jidda da babanki, aka buɗe makarantun 'yan mata ana neman malamai, ke kina jaririya. Na aika aka kawo Dada. Na gaya wa kowa na kawo ta ne ta sauke farali ta huta da wahalar ƙauye. Hajjin ta yi, hutun ne ban gani ba. A al'adarmu uwa tana kunyar 'yar fari, kaka ce take ɗauka. Al'adun ƙauye duk na zubar da su tun ina makaranta, ban da wannan, don ita ce mai ba ni damar yin barci in tafi aji da safe. Ita ta yi miki wanka, ita ta goya ki, ita ta zauna da ke lokacin ƙyanda ina can ina koya wa 'ya'yan mutane nahawu. Wane ɗaki na ba ta? Na kusa da kicin. Na ce don kada ta sha hawan bene. Jiya da na ji wannan maganar daga bakin uwar Nawal, har da muryata na ji.

Da Larabci na yi miki magana tun kina zanin goyo, don kada harshenki ya karye kamar nawa. Hausa na bar ta a kicin, ta zama harshen "an gama tuwo" da "ɗauko tsintsiya". In malaman makarantarmu suka zo, Dada takan kawo tiren shayi ta gaishe su ta koma, ni kuma in ci gaba da hira. Ban taɓa cewa baiwa ce ba, Allah Ya kiyaye. Ban dai ce komai ba. Kina zaune a gefe da 'yar tsanarki kina kallo. Yaro ba ya jin wa'azi, tire yake gani da wanda ya ɗauko shi.

Jiya ma, da matar nan ta zauna a falona tana cinikin uwata, kalma biyu ce ta rage mini: ummi ce. Ban faɗa ba. Na ce wa kaina don in rufa miki asiri ne, in bar ki ki gyara da bakinki. Wataƙila rabinsa gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne na ga zoben hannunta da motar da ke jiranta, na koma yarinyar nan mai farin mayafi a gindin tsamiya. Ga ni da shekara arba'in da 'yan kai, da digiri, da furfura. Don haka fushin da ke cikin takardar nan ki ɗauki naki kashin ki bar mini nawa. Amma kada ki kuskura ki fake da nawa. Ni na nuna miki hanya, ƙafarki ce ta taka.

Yanzu ga inda muke. Ranar Alhamis Dada za ta je bakin jirgi. Ta riga ta sa an goge mata zanen da take ajiye wa salla, ta ce ko a kan jaki sai ta je. Gidan su Nawal za su kasance a can gaba ɗayansu. Kin san abin da zai faru. Wani zai ce, "Ya dada, ɗauki akwatin nan." Ko uwar Nawal ta ja ta gefe ta tambaye ta yaushe za ta iya farawa a Abhur. A gaban jama'a, a ranar da take sallama da yarinyar da ta goya, za ta ji matsayin da aka ba ta. Ke kuma ki hau jirgi kina ɗaga hannu. Wannan ba zai faru ba ina da rai.

Gobe Talata bayan la'asar zan ɗauki tasi zuwa gidansu. Zan gaya wa matar nan cewa tsohuwar da take nema uwata ce, kuma na ji ta jiya na yi shiru. Wannan nawa ne, zan faɗa ko da ke ko babu ke. In na je ni kaɗai, Nawal za ta ji daga bakin wani abin da kika yi, ta kwana ɗaki ɗaya da ke shekara shida tana sanin irin abin da kike iya yi wa wanda yake son ki. In kin zo, ke za ki fara magana. Ba ta waya ba, ba a kunnen Nawal a ɓoye ba. A falonsu, a gaban uwarta: jaddati, ummu ummi. Kakata ce, uwar uwata, kuma na san abin da za ku fahimta da na faɗi abin da na faɗa. Wannan na ƙarshen kada ki tsallake shi. In kika ce musu rashin fahimta ne, kalmar ce mai fuska biyu, wallahi zan gyara miki a wurin, kin kuwa san yadda nake gyara wa ɗalibai.

Fuskarki za ta yi zafi. Mai yiwuwa Nawal ta ja baya, mai yiwuwa uwarta ta nema mata wata abokiyar ɗaki. Ban ce miki ba za ki yi asara ba. Na san dai nauyin ɗaya hanyar, na auna shi shekara da shekaru.

Abu ɗaya na hana ki. Kada ki je ki faɗa kan cinyar Dada kina kuka kina ba ta labari don ki ji sanyi a ranki. Ba ita za ta ɗauke miki wannan ba, ta ɗauki abin da ya ishe ta. In kina son yi mata wani abu, kwana biyun da suka rage ki ci abinci da ita a kwano ɗaya, a tabarmarta. Ki tambaye ta yadda ake kaɗa majajjawa. Za ta yi miki dariyar Hausarki, ta ce kina magana kamar mai ruwan zafi a baki. Ki bar ta ta yi. Duk abin da ta ƙulla miki kuma, ko warinsa zai kori jirgin gaba ɗaya, ki kai shi Alƙahira ki ci.

Fasfonki da takardunki suna cikin aljihun babanki, ba wanda zai hana ki su. Ba a ɗora uwata kan rumfa don in zo in hana tawa 'yar karatu ba. Za ki tafi ko kin zo gobe ko ba ki zo ba. Mayafina zai kasance a kaina da an idar da la'asar, zan tsaya a bakin ƙofa gwargwadon abin da mutum zai sa takalmi.

Ban huce ba, Safiyya, kuma ba zan yi miki ƙaryar na huce ba. Amma addu'ar uwa ba ta jiran fushinta ya sauka. Allah Ya kai ki lafiya, Ya kwantar muku da teku. Allah Ya tsare ki daga sharrin baƙon gari da sharrin abokin da ba na gari ba, Ya tsare ki daga kaifin kanki, wanda ya fi su duka ba ni tsoro. Ya buɗa miki karatu, Ya sa hannunki ya zama waraka ga bayinSa. Ya jiƙan kakanki, Ya yafe mini abin da ban roƙe shi ba. Ya ja da ran Dada har ki dawo ki same ta, ki duba ta da hannunki.

Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata. Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa